Bille a Kumatun Hagu

Jega, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Sulaimanu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa irin ta wanda aka daɗe ba a sa shi a ido ba, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amatullah da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. An gama cirar albasa, zafi ya shigo da ƙarfinsa, duk inda ka duba a hanyar Aliero buhuna ne da manyan motoci, kuma wani direba daga cikinsu na roƙa ya kawo maka wannan hannu da hannu. Inna tana nan da jikin tsufa, yau da sauƙi gobe babu, amma bakin nan yana nan garau, har yanzu ita ke gaya mini na cika wa miya gishiri. Ni kuwa gwiwoyi sun gama da ni, sallah ma a zaune nake yin rabinta.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Saƙon murya ne ya ishe ni. Kai ka aiko naka kana faɗa, ni in mayar da nawa ina haki, babu mai sauraren wani har ƙarshe. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse mata magana. Ka ce in tattara zane-zanen 'yarka Umaima in cinna musu wuta, ita kuma in sa ta a mota ta taho wurinka. To, ban ƙona ba, kuma ban sa ta a mota ba. Takardun suna cikin akwatina, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ina so ka ji yadda abin ya faru tun daga tushe, domin abin da ya iso kunnenka wutsiyar labarin ce kawai, sannan ka yanke hukunci a matsayinka na uba.

Tun da Umaima ta gama karatunta a Aliero ta fara koyarwa a sakandaren 'yan mata, kullum ta dawo gida ƙorafinta ɗaya ne, ɗalibanta ba sa karatu. Ka ba su littafi su yi matashi da shi. Amma da an tashi sai ka gan su sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna karanta wani abu da suke kira komik. Labari ne da ake zana shi gida-gida a kan shafi, mutane suna tafiya suna magana, maganar kowa a rubuce cikin wani ɗan da'ira a saman kansa. Wanda suka fi so kuwa shi ne na laifuffukan da aka yi da gaske a da can, kisan kai ko babbar sata, da yadda aka bi sawu har aka gano mai laifi ko aka kasa ganowa. Duk na ƙasashen waje ne, sunayen ma ba sa iya faɗa. Ka san 'yarka da zane, tun tana rarrafe take ɓata mini bango da gawayi. Sai ita da wasu malamai 'yan uwanta suka ce su ma za su yi namu na gida, na yara masu tasowa, ba tare da nuna jini ko wani abin ƙyama ba, don yaran su san abin da ya taɓa faruwa a ƙasarsu, su kuma ga yadda ake neman gaskiya. Na ga abin da kyau, har yanzu ma ban canza ra'ayi ba.

Da aka zo zaɓen labari sai ta ce babu wanda ya fi kusa da ita kamar na kakanta. Ta zauna a gabana ta tambaye ni, ni kuma na gaya mata abin da na sani. Kai lokacin kana goye, don haka bari in maimaita maka yadda na faɗa mata. Babanmu Arzika ya ɗora albasa a kan jakuna daga Katanga ya kawo kasuwar Jega, ya sayar, ya kama hanyar gida da la'asar. Jakunan suka iso ƙofar gida su kaɗai. Da gari ya waye aka same shi a bakin wani kwazazzabo, an sare shi, an kwashe abin da ke jikinsa. Mutumin ƙarshe da aka gani tare da shi wani manomi ne na Gumbin Kure, sun fito kasuwa tare suna hira. Aka kama shi, aka kai shi gaban alƙali, ya ce sun rabu a mararraba, ya dafa Alƙur'ani ya rantse, babu shaida a kansa, aka sallame shi. Har yau, shekara hamsin da wani abu, ba a san wanda ya yi ba. Wannan manomi shi ne mahaifin Malam Haliru, surukin 'yata Iklima. Ka tuna lokacin da Tawfiq ɗan Malam Haliru ya zo neman aurenta wasu dangi suka fara gunaguni, Inna ce da kanta ta tsawatar, ta ce mutumin da ya rantse ya fita, kada wanda ya ƙara ɗaga maganar. Da wannan aure aka rufe ramin.

To, ga inda aka yi tuntuɓe. Umaima ta zo shafin da mai laifin zai fito daga daji, tana bukatar fuska, kuma babu wanda ya taɓa ganin fuskar nan. Sai ta ɗauko hotunan bikin Iklima tana duba tsofaffi, wai tana son ta ga yadda mutanen da suke kama. Ta ga wani dattijo da aska a fuska, dogayen layuka tsakanin ido da kunne da kuma bille mai kauri a kumatun hagu, abin ya burge ta, ta ɗauka ta ɗora wa mugun nata. Sulaimanu, yaran nan da ba a yi musu aska ba, ba su san aska magana ce ba. A wurinta ado ne na mutanen da, kamar malafa ko takalmin fata, kowa ya ga dama ya sa. Ba ta san mu muna karanta fuska kamar yadda suke karanta allo ba. Billen nan na hagu shi kaɗai, a duk yankin Maiyama gida ɗaya ke yin sa, kuma gidan Malam Haliru ne. Yarinya ba ta rubuta sunan kowa ba, ta ma kiyaye wannan sosai, amma ta rubuta shi ɓaro-ɓaro a kumatu ba ta sani ba.

Ta tura wa ɗalibanta shafukan farko a waya don ta ji ko sun yi musu daɗi. Sun yi musu daɗi kuwa fiye da yadda ake so. Daga wannan waya zuwa waccan, kafin a ce me, sun isa Maiyama, sun shiga Gumbin Kure. Wata jika ta nuna wa kakarta, tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Ba ta bukaci a karanta mata komai ba, tana ganin fuskar ta ɗora hannu a ka. Washegari Iklima ta kira ni tana kuka har ban gane me take faɗa ba. Ta ce babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ce ta tafi, amma in ta shiga tsakar gida sai hira ta mutu, abincin da ta kai wa surukarta ya dawo a rufe yadda ta kai shi, Tawfiq kuma ya koma ba ya cewa komai sai gaisuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, a makaranta yara sun fara kiran 'ya'yanta jikokin mai gatari. Yaran da jinin wanda aka kashe ke jikinsu daidai da jinin wanda aka zarga.

Kada ka yi zaton na lallaɓa ta. Na yi mata faɗa har muryata ta dushe, na ce mata duk karatun da ta yi ashe ba ta iya karanta fuskar surukin 'yar uwarta ba. Ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa, ta yini ba ta sa komai a bakinta ba. Ta bi ɗalibanta tana roƙonsu su goge, sun goge, amma abin da ya riga ya fita ya fita. A cikin wannan hali ne saƙonka ya shigo, kuma gaskiya a ranar da ashana tana kusa da hannuna da na cika maka umarni. Sai na ga bai dace a ƙona abu ba alhali ba a je an durƙusa wa waɗanda aka ɓata wa ba.

Muka shiga mota zuwa Maiyama ni da ita, daga nan muka hau kabu-kabu. Ka yi tunanin yayarka da waɗannan gwiwoyi a bayan babur, cikin rana, a kan hanyar da rabinta yashi ne. Da na sauka sai da na dafa bango. Malam Haliru ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo mana ruwa, ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambaye ka, ya tambayi albasa, bai taɓa maganar ba. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Ni na buɗe baki na ba da haƙuri, Umaima ta durƙusa tana hawaye ta faɗa masa yadda aka yi, cewa shi ne ma dattijon da ke cikin hoton bikin. Na ƙara da cewa ubanta ya aiko daga Kumasi a ƙona littafin, kuma da mun koma za a yi.

Malam Haliru ya ce a ba shi takardun ya gani da idonsa, ba a waya ba. Umaima ta miƙa masa, ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba ya sauri. Ya daɗe a kan fuskar nan, har ya kai yatsa ya taɓa nasa kumatun. Da ya ɗago sai ya ce, "In kunka ƙone shi, mutane cewa za su yi gaskiya ta anka ɓoye. Abin da ni ka so, ɗiyag ga ta zana Baba gaban alƙali, hannunai bisa Alƙur'ani, da billenai duka, yara su gani da idonsu an sallame shi."

Daga nan ya ba mu labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Ya ce yana saurayi ya raka mahaifinsa wurin shari'ar. Da aka sallame shi suka fito, duk mutanen ƙauyensu da suka zo kallo suka yi gaba, babu wanda ya yarda ya jera da su a hanya. Mahaifinsa bai sake taka kasuwar Jega ba har ya koma ga Allah, dawarsa ma sai dai ya ba wani ya kai masa. Ya ce duk mai ba da labarin nan yana faɗin kamu, amma da an zo wurin rantsuwa da sallama sai baki ya yi nauyi, a wuce da sauri. Yanzu tun da Allah ya kawo mai zane, kuma yara suna karantawa, to a gama labarin har inda ya tsaya. Na zauna ina dubansa, kunya ta rufe ni, domin mu muna ganin mu kaɗai aka yi wa rashi a wannan rana. Umaima ta yi masa alkawari. Mai laifin kuma ta ce za ta cire masa fuska gaba ɗaya, ta mayar da shi inuwa ya ba da baya, tun da haka yake a gaskiya. Kafin mu taso surukar Iklima ta aiko mana da fura, kuma Iklima ce ta dama. Ban ce komai ya warke ba, amma ka gani, in na ƙona yanzu na karya alkawarin da aka yi wa dattijo a zaurensa.

Na dawo gida ina cewa na huta, ashe da saura. Duk wannan abin mun ɓoye wa Inna, amma ka san gidan nan, bango ma yana kai mata rahoto. Bayan kwana biyu da hantsi tana zaune a inuwar darbejiya ta ce a kawo mata littafin da ake ta ƙus-ƙus a kansa. Ban gaya maka a waya ba don kada hankalinka ya tashi, idonta na dama ya rufe tun bara, na hagun ma hazo-hazo take gani da shi, kuma likita bai ba mu wani fata ba. Sai ta kai takarda dab da hanci take gane abin da ke ciki. Shafin kwazazzabo nake tsoron ta gani. Ta zo kansa, ta duba, ta wuce. Inda ban yi zato ba nan ta tsaya, ta koma shafin farko, wurin da wani mutum ke ɗaure wa jaki mangala. Ta tambaya wane ne wannan. Umaima ta ce Kaka Arzika ne. Ka san Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, don haka ko'ina a littafin ta zana shi ko dai ta baya, ko malafa ta rufe masa fuska. Inna ta juya takardar, ta sake juyawa, kamar za ta leƙa ƙarƙashin malafar. Sannan ta ajiye a cinyarta ta ce, "Wanga ba mijina ba na. Wanda ba a sani ba kin ba shi huska, shi da munka sani kin bar shi babu."

Ban taɓa jin Inna ta ce mijina ba, sai ranar. Kullum babanku take cewa.

Tun daga lokacin aikin gidan nan ya zama neman fuskar Baba. Inna ta kwatanta, Umaima ta zana, a kai mata dab da ido, ta girgiza kai. Goshin ya yi faɗi, hancin ba haka yake ba, wannan ya yi kama da mai sayar da goro na bakin tasha. Ta jawo Umaima ta bi kumatunta da yatsa tana nuna mata inda askar gidanmu take sauka, yarinya ta zana daidai, amma aska ita kaɗai ba ta zama mutum. Suka juyo kaina, wai ni na san shi. Na rufe ido na yi iya ƙoƙarina. Ina tuna warin albasa a hannunsa, ina tuna tarinsa in ya shigo zaure, ina tuna yadda yake ɗaga ni sama. Fuskar kuwa ta ƙi zuwa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ina yarinya. Askar tana fuskata, amma kamannin Inna na ɗauko, ba ni da abin da zan ba su.

Jiya ne Inna ta ce mu daina ɓarnar takarda, fuskar tana Kumasi. Ta ce kai ne na ƙarshe da wanzamin gidanmu ya yi wa aska irin ta Baba sak, goshinsa ne da kai, idonsa ne da kai, kuma yanzu ka kai shekarunsa har ka wuce. Umaima ta ɗauko hotunan da kake turowa, duk kana tsaye can nesa a ƙofar shago, da hula da tabarau, kana hararar mai ɗauka kamar ya ci maka bashi. Na ce sai mu sa ka ɗauki na kusa ka turo. Inna ta ƙi. Ta ce hasken waya ba ya shiga idonta, kuma ita ba ta yarda a zana mata miji daga gilashi ba. A sa ka ka zauna a gaban yarinya, ita kuma tana gefe tana gyara mata.

To, ƙanena, ka ji yadda muke. Na gaji, wallahi na gaji. Na gaji da ba da haƙuri, na gaji da hawa babur, na gaji da zama tsakanin uba da 'ya ina ɗaukar saƙo. Ban ce Umaima ba ta yi kuskure ba, ta yi, kuma ta sha kunyarsa a gaban dattijo. Amma yanzu littafin nan ba nata ba ne ita kaɗai. Malam Haliru yana jiran shafinsa, Inna tana jiran nata. Ta riga ta zana Baba tsaye kusa da jakinsa, ta cire malafar, ta bar wurin fuskar fari fat. Idan ka karanta duk wannan har yanzu ranka yana kan wuta, 'yarka ce, ba zan hana ka ba. Sai dai ba da hannuna ba. Ka zo da kanka in ba ka makulli da ashana, amma kafin nan ka zauna a tabarma 'yarka ta dube ka da kyau, tsohuwar nan ta ga mijinta tun idon yana iya gani.

Ka gaishe mini da Amatullah, ka ce mata man zafin da ta aiko ya yi mini amfani. Ka gaishe da Waliyyu da Mufida da auta Fa'iza, Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Iklima da Tawfiq suna gaishe ka, Malam Haliru ma ya ce lallai in isar da tasa. Umaima tana gaishe ka, tana tsoron kiranka, ta ce ka yafe mata. Na tambayi Inna me zan rubuta maka daga bakinta, ta ce ba gaisuwa za ta aiko ba, in dai gaya maka ka rage sajen nan kafin ka taso, ya rufe maka aska.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Halimatu Arzika.